ALLURAR SINAWA: MATSAYINTA WAJEN MAGANIN CIWON KAI DA SAURAN RAƊAƊIN JIKI

Ciwon kai yana daga cikin ciwace-ciwacen da suka fi damun 'yan Adam a ko'ina cikin duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 kimanin mutum 40 daga cikin kowane 100 sun yi fama da wani nau'i nasa. Ba kowa ne kuwa yake zuwa asibiti dominsa ba. Abin da aka saba shi ne mutum ya aiki yaro kanti a sayo masa ƙwaya biyu, ya kora da ruwa, ya koma bakin aikinsa. Ga wanda ciwon yakan zo masa jefi-jefi, wannan ya wadatar. Amma akwai wanda kansa ke sara kwana goma ko goma sha biyar a kowane wata, shekara da shekaru, har ya zama ba ya fita sai da ƙwaya a aljihu. Irin wannan mutum, da iyalinsa, su aka fi nufa da wannan bayani.

Yawan shan ƙwaya yana da nasa lahani, wanda jama'a da dama ba su sani ba. Likitoci sun tabbatar cewa wanda ke shan maganin kashe zafi irin su farasitamol ko asfirin ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, har abin ya wuce wata uku, maganin da kansa yana iya juyewa ya zama sanadin ciwon kan. Idan mai ƙarfi ne, kamar kodin ko taramadol, kwana 10 a wata ma ya isa. Sai ciwo ya sa mutum shan ƙwaya, ƙwaya kuma ta sake tayar da ciwo. Ban da wannan, asfirin da ibufurofen suna iya jawo gyambon ciki, su kuma taɓa ƙoda; farasitamol idan ya wuce kima yana lalata hanta; kodin da taramadol kuwa jiki yana sabawa da su har mutum ya kasa rabuwa da su. Ɓarnar da kodin ya yi ga matasa ita ta sa a 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da kuma shigo da shi.

Saboda haka ne masana suka daɗe suna neman hanyar rage ciwo wadda ba sai an haɗiyi kome ba. Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka fi bincika ita ce tsohuwar hikimar nan ta mutanen ƙasar Sin, watau soka siraran allurai a wasu zaɓaɓɓun wurare na jiki. Yanzu ana samun masu yin ta a wasu manyan biranen ƙasar nan, kamar Ikko da Abuja, don haka ya wajaba jama'a su san abin da take iyawa da abin da ya fi ƙarfinta kafin su miƙa mata jikinsu da kuɗinsu.

MECE CE ALLURAR SINAWA?

Turawa suna kiranta akufanca, daga kalmomi biyu na harshen Latin masu nufin allura da soka. Bahaushe in ya ji an ce allura a zancen magani, hankalinsa yakan tafi ga wadda malamin asibiti ke zuƙo ruwan magani da ita ya tsira wa mara lafiya. Wannan daban take. Ba ta da rami a cikinta, ba kuma a shafa mata wani magani. Silin ƙarfe ne mara tsatsa, wanda kaurinsa yawanci bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ba, watau ya ɗan ɗara gashin kai kaɗan. Sokawar kanta ita ce maganin.

Ta kuma bambanta da ƙaho da tsaga da sakiya, waɗanda wanzamai suka gada a ƙasar Hausa. A ƙaho da tsaga ana nufin fitar da jini ne, sakiya kuwa da ƙarfe mai zafi ake yi. Mai allurar Sinawa ba jini yake nema ba, kuma idan ya iya aikinsa, in ya zare allurar da wuya a ga ko tabo.

ASALINTA

Littafi mafi daɗewa da ya yi cikakken bayani a kanta shi ne wanda Sinawa ke kira Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Bisa ga fahimtar masanan wancan zamani, akwai wani ƙarfin rai da suke kira chi, wanda ke gudana cikin jiki ta wasu hanyoyi kamar yadda ruwa ke bin magudanai a fadama. In ya toshe ko ya yi ambaliya a wani wuri, sai ciwo ya taso, allura kuwa ita ke buɗe masa hanya. Sun ƙidaya manyan hanyoyi 12, da wasu biyu da suka bi tsakiyar jiki ta gaba da ta baya. A kan waɗannan 14 ne ake samun wuraren soka 361 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunayensu daga baya.

A shekarar 1027 wani likitan fada mai suna Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumi biyu na tagulla, kowanne kamar girman mutum, aka huda ƙananan ramuka a daidai wuraren soka. An ruwaito cewa in za a jarraba almajiri, akan shafe mutum-mutumin da kakin zuma har ramukan su ɓace, a cika cikinsa da ruwa. In almajiri ya soka daidai, ruwa ya ɗigo. In ya kuskure, allura ta ci karo da tagulla.

Kada a zaci ko a ƙasar Sin ɗin kanta kullum ana girmama ta. A 1822 sarkin ƙasar ya ba da umurni a cire ta daga makarantar likitocin fada, kuma a 1929 an yi yunƙurin soke maganin gargajiya baki ɗaya. Sai bayan 1949, sa'ad da sabuwar gwamnati ta tarar da ɗimbin jama'a ga ƙarancin likitoci, aka farfaɗo da ita, aka shigar da ita asibitoci da makarantu.

Turai ta ji labarinta tun 1683, daga littafin wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Willem ten Rhijne, wanda ya ga ana yin ta a Japan. Amma abin da ya fito da ita sarari a idon duniya ya faru ne a watan Yuli na 1971. Wani sanannen ɗan jarida na Amurka, James Reston na jaridar New York Times, ya kamu da ciwon afendis yana birnin Beijin, aka yi masa fiɗa. Bayan fiɗar ya yi fama da kumburin ciki da raɗaɗi, sai aka soka masa allurai a gwiwar hannu da ƙasan gwiwoyin ƙafa, ya sami sauƙi, ya rubuta labarin a jaridarsa. Har yau akwai masu cewa da allurar Sinawa aka kashe masa jiki aka yanka shi. Ba haka ba ne: maganin kashe jiki irin na asibiti aka yi masa, allurai sun zo ne daga baya. Watanni kaɗan bayan haka, a Fabrairun 1972, Shugaba Nixon ya ziyarci ƙasar Sin, likitocin Amurka da na Turai suka shiga tururuwar zuwa gani da idonsu. A 2010 hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam, wanda girmamawa ce ga tarihinta, ba shaidar likita ba.

YADDA AKE YIN TA

Mai yin ta yakan fara da tambayoyi: yaushe ciwon ya soma, ina yake tsayawa, me ke tayar da shi, yaya barci da cin abinci. Sa'an nan mara lafiya ya kwanta ko ya zauna. A goge fata, a ɓare allurai sababbi daga cikin takardarsu, a soka tsakanin biyar zuwa ashirin. Zurfin ya danganta ga wurin: a kai da fuska kaɗan ake shiga, a wurin da ke da tsoka mai kauri kuwa akan ƙara. Yawancin mutane ba su jin zafin kirki, sai ɗan tsikari. In an murza allurar a hankali, akan ji wani nauyi ko tsami ko yar-yar a kewayen wurin, kuma masu wannan aiki suna ɗaukar hakan alama ce cewa an dace da gurbin. Akan bar allurai minti 20 zuwa 30 kafin a zare.

Abin da yakan ba sabon zuwa mamaki shi ne ba lalle ne a soka inda ke ciwo ba. Ga ciwon kai, ban da gefen goshi da ƙeya, ɗaya daga cikin wuraren da aka fi amfani da su yana a bayan hannu, tsakanin babban yatsa da manuniya. Wasu kuma suna a ƙafa. Wani lokaci akan haɗa allurai da waya a saki wutar lantarki 'yar kaɗan, ko a ƙona busasshen ganyen wani tsiro dangin tazargade kusa da fata don a ɗumama wurin.

Zuwa ɗaya ba ya isa. Akan yi sau ɗaya ko sau biyu a mako, har sau shida zuwa goma sha biyu.

ME KE FARUWA A CIKIN JIKI?

Masu binciken ƙirar jikin ɗan Adam sun duba, da wuƙar fiɗa da madubin likita, ba su ga hanyoyin chi ba. Wannan bai nuna cewa allurar ba ta yin kome ba, sai dai ana bukatar wani bayani dabam.

Bayani na farko ya fito daga aikin wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, a 1965. Sun nuna cewa saƙon zafi ba ya tafiya kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. Sai ya ratsa ta laka, inda akwai wani abu mai kama da ƙofa, kuma wani saƙon dabam daga fata ko tsoka yana iya tura ƙofar nan ya rage abin da ke wucewa. Kowa ya san wannan a aikace: wanda ya buge gwiwarsa da kujera, ba ya jiran a gaya masa kafin ya shiga murza wurin.

Na biyu ya biyo bayan abin da John Hughes da Hans Kosterlitz suka gano a birnin Aberdeen a 1975, cewa jiki yana sarrafa nasa sinadaran kashe zafi masu aiki irin na mofin, dangin waɗanda ake kira endofin. Ba da daɗewa ba aka jarraba a kan ɓeraye da kuma mutane, aka ga cewa in an ba da maganin da ke toshe aikin mofin, sauƙin da allura ke kawowa yakan ragu. Watau allurar tana zuga jiki ne ya saki maganin da ke ajiye a cikinsa.

Akwai na uku, wanda masu tallar allurar ba su cika son ambatonsa ba, ko da yake ba abin kunya ba ne. Mutumin da aka saurari kokensa a tsanake, aka kwantar da shi rabin sa'a cikin natsuwa, ya kuma sa rai zai sami sauƙi, sau da yawa yakan samu, ko da me aka yi masa. Babbar tambayar da masu bincike suka sa gaba ita ce, nawa ne rabon allurar kanta, nawa ne na sa rai?

ABIN DA GWAJI YA NUNA GAME DA CIWON KAI

Don a amsa wannan tambaya, akan raba marasa lafiya kashi-kashi ta hanyar ƙuri'a. Wasu a yi musu allurar gaske. Wasu a yi musu ta jabu ba tare da sun sani ba, watau a soka sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, ko a yi amfani da allurar da ke komawa cikin mariƙinta ba ta huda fata ba. Wasu kuwa a bar su da maganinsu na yau da kullum. Kowa yana rubuta kwanakin da kansa ya yi ciwo, daga baya a gwada.

A 2016 wata ƙungiyar masana mai suna Cochrane, wadda aikinta shi ne tace sakamakon gwaje-gwajen magani, ta tattara abin da aka samu game da manyan nau'o'in ciwon kai biyu.

Na farko shi ne ciwon ɓarin kai, wanda yakan kama gefe ɗaya yana bugawa, tare da tashin zuciya da ƙin haske da ƙara, ya ɗauki sa'a 4 har zuwa kwana uku. Ya fi kama mata. An duba gwaje-gwaje 22 da suka ƙunshi mutum 4,985. Ma'aunin nasara shi ne yawan tasowar ciwon ya ragu da rabi ko fiye. Da aka gwada da waɗanda aka bari da maganinsu na kullum, mutum 41 cikin 100 na masu allura sun kai wannan matsayi, su kuwa waɗancan 17 kacal. Amma da aka gwada ta gaske da ta jabu, sai tazarar ta tsuke: 50 da 41. Da aka gwada ta da ƙwayoyin rigakafin ciwon ɓarin kai, bayan wata uku an sami 57 da 46, kuma masu allura sun fi ƙarancin kukan illa. Masanan sun fassara wannan da misali mai sauƙi. Wanda ke kwana shida a wata da ciwon, in an bar shi da maganinsa na kullum zai koma biyar. Da allurar jabu ko ƙwayar rigakafi, huɗu. Da allurar gaske, uku da rabi.

Na biyu shi ne ciwon kai na gajiya da damuwa, wanda ya fi kowanne yawa, mai sa mutum ya ji kamar an naɗa masa rawani an tamke. A nan an duba gwaje-gwaje 12 masu mutum 2,349, kuma sakamakon ya yi kama da na farko: 52 cikin 100 na masu allurar gaske sun sami ragin rabi, na jabu 43.

Mai karatu zai lura da abu biyu. Allurar ta fi zaman haƙuri da ƙwaya nesa ba kusa ba. Amma fifikonta a kan ta jabu kaɗan ne, abin da ke nuna cewa ainihin gurbin da aka soka, wanda aka shafe shekaru dubu biyu ana haddacewa, bai kai muhimmancin da ake ba shi ba. A kan wannan masana suka rabu: wasu suna ganin mafi yawan amfanin na sa rai ne, wasu suna cewa ko ta jabun ma tana taɓa jijiyoyi, don haka ba jabu ba ce sosai. Mara lafiya ba sai ya jira sun daidaita ba. Ga ɗan kasuwa ko malamar makaranta, a mayar da kwana shida zuwa uku da rabi ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai sauƙi ne, ba waraka ba, kuma kusan rabin waɗanda aka yi wa ba su kai ga ragin rabin ba. Bisa irin waɗannan hujjoji ne hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idodin magani, mai suna NICE, ta ba da shawara a 2012 cewa ana iya jarraba ta har sau goma cikin mako biyar zuwa takwas ga mai ciwon kan gajiya da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da kuma mai ciwon ɓarin kai wanda ƙwayoyin rigakafi ba su karɓe shi ba. A lura, rigakafi ake nufi, watau rage yawan tasowar ciwon.

CIWON BAYA DA NA GWIWA

A nan ma labarin kusan ɗaya ne. A wani babban gwaji da aka yi a Jamus, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2007, an raba mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya kashi uku. Bayan wata shida, kusan 48 cikin 100 na masu allurar gaske sun sami sauƙi, na jabu 44, masu ƙwaya da motsa jiki irin na asibiti kuwa 27. A 2018 Andrew Vickers da abokan aikinsa suka haɗa bayanan mutum 20,827 daga gwaje-gwaje 39 kan ciwon baya da wuya da kafaɗa da gaɓoɓi da kai, suka ga tana da amfani matsakaici, wanda ba ya gushewa da zarar an daina.

Ƙasashe ba su yi wa wannan sakamako fassara ɗaya ba. Jamus ta yanke a 2006 cewa inshorar lafiya ta riƙa biyan kuɗinta ga daɗaɗɗen ciwon baya da na gwiwa. Amurka ta yi haka a 2020 ga ciwon baya cikin shirinta na kula da lafiyar tsofaffi. Ingila kuwa ta cire ta daga shawarwarin maganin ciwon baya a 2016. Abin da babu gardama a kansa shi ne ba ta mayar da guringuntsin gwiwa da ya zaizaye, ba ta ɗora karaya, ba ta kashe ƙwayar cuta. Duk wanda ya ce zai warkar da ciwon sukari ko daji ko hawan jini ko rashin haihuwa da allura, ya faɗi abin da ba shi da hujja a kansa.

CIWON KAN DA BA NA ALLURA BA NE

Wannan shi ne sashen da ya fi kowanne muhimmanci. Ciwon kai wani lokaci shi ne cutar, wani lokaci kuwa ɗan aike ne na wata cuta da ke ɓoye. Wanda ya tsaya lallashin ɗan aike, ya bar wanda ya aiko shi, yana iya rasa ransa. A garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ciwon kai tare da zazzaɓi da sandarewar wuya, musamman a lokacin zafi. Wannan alamar sanƙarau ce, kuma yana iya kisa cikin kwana ɗaya. A annobar 1996 mutum fiye da 11,000 ne suka rasu a ƙasar nan.

Ciwon kai mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya, irin wanda mutum bai taɓa ji ba, ko wanda ya zo da karkacewar baki, ko harɗewar harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa. Yana iya zama fashewar jijiyar jini ko toshewarta a ƙwaƙwalwa.

Ciwon kai ga mace mai ciki, tare da kumburin fuska da hannuwa ko gani dishi-dishi. Jijjiga na iya biyo baya, wadda ke barazana ga uwa da ɗa.

Haka nan wanda ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin mota, da wanda ke ƙaruwa kullum tare da amai da safe, da wanda ya zo da jan ido mai zafi da raguwar gani, da wanda ya soma sabo ga mutumin da ya haura shekara 50.

Ko ba a ga waɗannan ba, a ƙasa irin wannan ciwon kai mai zazzaɓi yana bukatar a auna jini a duba zazzaɓin cizon sauro, wanda maganinsa sananne ne kuma ba allurar Sinawa ba ce. A kuma auna hawan jini, gama yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba. Wani ma tabarau kawai yake bukata, wani haƙori ne ke damunsa, wani kuwa ƙarancin barci ne ko ƙishirwa.

HAƊARINTA

A hannun wanda ya ƙware, haɗarinta kaɗan ne. A Jamus an bi diddigin mutum 229,230 da aka yi wa, aka tarar kimanin 9 cikin 100 sun yi kukan wata illa, mafi yawa ɗan ɗigon jini ko taruwarsa a ƙarƙashin fata. Wasu kan ji jiri ko barci. Mutum biyu ne allura ta huda musu huhu. Wannan yakan faru in an zurfafa a ƙirji ko saman baya, kuma alamarsa ita ce ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi bayan an gama. Wanda ya ji haka ya nufi asibiti nan take.

Haɗarin da ya fi kusa da jama'ar ƙasar nan shi ne na ƙazantar allura. A 1984, a jihar Rhode Island ta Amurka, mutum 35 suka kamu da ciwon hanta nau'in B a wurin mai allura guda ɗaya. Binciken da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da wannan cuta, yawancinsu ba su sani ba. Allurar da ta shiga jikin wani tana iya ɗaukar ta, ko ta ɗauki ƙanjamau, kamar dai askar da ba a sauya ba. Goge ta da auduga ko tsoma ta a ruwan zafi ba ya wadatarwa. Ƙa'ida ita ce allura ɗaya, mutum ɗaya, sau ɗaya: a ɓare ta a gaban mara lafiya, a jefa ta cikin mazubin da aka tanada in an gama.

Wasu mutane tilas su sanar da halin da suke ciki tun kafin a fara: mace mai ciki, da mai shan maganin tsinka jini, da wanda jininsa ba ya saurin tsayawa, da mai farfaɗiya. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kada a yi masa mai wutar lantarki. Ba a kuma sokawa a kan miki ko ƙurji ko kumburi.

GA WANDA YA YI NIYYAR JARRABAWA

Matakin farko shi ne likita ya duba shi, ya tabbatar da irin ciwon da ke damunsa. Sa'an nan ya binciki wanda zai je wurinsa. Tun 1992 doka ta ɗora wa Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya alhakin sa ido a kan wannan sana'a, don haka ba rashin kunya ba ne mara lafiya ya nemi ganin takardar shaidar horo da ta rajista. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. A yi hattara da wanda ya yi alkawarin waraka tun bai ji bayanin ciwon ba, da wanda ya ce a watsar da maganin asibiti. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko farfaɗiya ya ci gaba da shan maganinsa yadda likita ya tsara. Wanda kuwa ciwon kansa daga yawan shan ƙwaya ya samo asali, allura ba za ta yi masa kome ba sai an janye ƙwayar, kuma kodin da taramadol a hankali ake janye su, bisa kulawar likita.

Ya kamata kuma a yi lissafin aljihu tun da wuri, domin kuɗin zuwa goma ake magana, ba na zuwa ɗaya ba, ga kuma na mota. Hanyar sanin ko kuɗin nan suna yin aiki ba ta da wuya. Wata guda kafin a fara, mara lafiya ya sami ɗan littafi ko kalanda, ya riƙa yin alama a duk ranar da kansa ya yi ciwo, ya kuma rubuta yawan ƙwayoyin da ya sha. Wanda bai iya rubutu ba, ya sa ɗansa, ko ya riƙa jefa tsakuwa cikin gwangwani. Ya ci gaba da haka har a gama. In bayan zuwa takwas ko goma kwanakin ciwo sun ragu a fili, ƙwayoyin da ake sha su ma sun ragu, to ta karɓe shi, ana kuma iya maimaitawa bayan wasu watanni in ciwon ya dawo. In lissafin bai sauya ba, ya dakata, ya koma wurin likita da littafinsa a hannu.